Romon da Bargo Ya Dafa

Kunnena na hagu ya daɗe da mutuwa. Na daman ma sai mutum ya ɗaga murya, ko kuwa ya tsaya a gabana ina kallon bakinsa. Yaran unguwa suna cewa tsufa ne. Ba tsufa ba ne, masaƙa ce ta cinye shi. Duk wanda ya yi shekaru a ɗakin injin saƙa, a Sharaɗa ne ko Bompai ko Challawa, kana ganinsa za ka gane shi: magana yake da ƙarfi kamar mai kiran wani a hayin kogi, kuma ba idonka yake kallo ba, leɓenka yake kallo. Kaɗan muka rage. Yanzu a jana'iza muke haɗuwa, mu tsaya a bakin maƙabarta muna yi wa juna ihun gaisuwa har mutane su riƙa waiwayowa.

Kwanakin baya 'yata ta fari ta haihu a gidan mijinta, can Zawaciki. Na je barka. Mijin yaron kirki ne, ba zan ɗora masa laifin komai ba. Falo cike da katan-katan na lemo da madara, firji cike da kaji, ga magungunan asibiti an jera a kan tebur. Amma da ta fito gaishe ni sai na ga tana dafa bango. Leɓenta ya bushe ya yi fari, ido ya faɗa. Ƙanwar mijin ta ce abinci ne ba ya zama, duk abin da ta ci sai ya dawo, jaririn ma da madarar gwangwani ake taimaka masa. Na ce an yi mata ƙauri kuwa, ƙafar san nan da ake dafa wa mai jego? Ta ce an yi, Baba, har da saura. Ta kawo mini a kwano in taɓa. A tukunyar nan mai huci aka yi shi, wadda take dafa ƙafar sa kafin a gama hira. Na kurɓa. Ruwa ne da barkono da magi, nama yana yawo a ciki. Na haɗa leɓɓana na buɗe, ba su manne ba. Na ce Allah ya yi albarka, na ajiye kwanon. 'Yar fari ce, ko sunanta ban taɓa kira ba, haka muka taso muka ga ana yi, balle in zauna a gidan surukai ina koya wa mata girki.

A hanyar dawowa mota ta bi da mu ta gefen Sharaɗa. Na daɗe ban ɗaga kai na kalli wurin ba. Ƙofofin kamfanonin suna nan, sun yi tsatsa, ciyawa ta fito ta tsakanin ƙarafa. Wasu an mai da su sito, ana jibge kayan da aka saƙa a wata ƙasa. A da kuwa in jiniya ta yi kuka, titin nan ba ka ganin kwalta don kekuna. Masu aikin safe suna fita, masu aikin rana suna shiga, kowa da auduga a gashi da gira kamar furfura, yaro da babba duk mun tsufa tare. Masu tuwo da masu shinkafa da wake sun jera tukwane a gindin katanga, mai rake yana fere, mai faci yana hura taya. In iska ta taso daga kudu ta kawo warin jima daga Challawa, in ta juya ta kawo ƙamshin alawa da biskit, har da hanci muke sanin kamfanin da ke aiki da wanda injinsa ya tsaya. Mutane daga ko'ina, Ringim, Gumel, Kazaure, Ɗambatta, da mutanen Nijar da muke ce wa 'yan Faransa a lokacin. Ba wanda ya yi arziki a cikinmu. Amma ƙarshen wata yana zuwa da abinsa, kuma ka kwanta ka san inda za ka gobe.

Ni a masaƙar bargo na yi aiki. Ɗaki ne dogo mai rufin kwano, injina layi-layi, kowanne yana jifa da ƙoshiya hagu da dama ba hutawa. Wanda bai shiga ba ba zai gane ƙarar ba. Ba a kunne kaɗai kake jin ta ba, har a haƙori da tafin ƙafa. Ka tashi aiki ka koma ɗaki ka kwanta, tana nan cikin kanka tana bugawa. Muna cusa auduga a kunne, ba ta hana komai. To a irin wannan wuri murya ba ta da amfani. Da baki muke magana, ba sauti. Ka ɗaga hannu, na wancan layin ya dube ka, ka motsa leɓe a hankali, ya karanta. Sabon zuwa yakan daɗe a cikinmu kamar kurma, daga baya idonsa ya buɗe. Da haka ake gulmar heluma, mai kula da layinmu, yana tsaye a wurin ya juya baya. Da haka ake labarin ƙwallo, da haka ake sanar da rasuwa: magana ta tashi daga injin farko ta bi baki-baki har ƙarshen ɗaki, ba wanda ya bar aikinsa. Muna taƙama da abin. Gani muke ba maganar da za ta kuɓuce mana.

Duk ƙarshen shekara kamfani yakan ba kowane ma'aikaci bargo ɗaya, mai kauri, da ratsin ja da baƙi a baki. Yawancinmu ba ma rufa da shi. A ledarsa yake zama ƙarƙashin gado, sai an tashi zuwa gida da Sallah a kai wa tsohuwa ko tsoho. Bargon da ɗanka ya saƙa a Kano ba ƙaramin abu ba ne a ƙauye.

Da na yi aure na kawo maiɗakina Ja'en, ɗaki ɗaya a gidan wata tsohuwa da kowa ke kira Gwaggo. Gwaggo ta yi shekaru tana sayar wa leburori tuwo a bakin kamfani kafin gwiwa ta zaunar da ita. Bakinta ba linzami, amma ba ta da mugunta. Da ciki ya tsufa aka shirya maiɗakin za ta tafi gida goyon ciki, kamar yadda ake yi a haihuwar fari. Ba ta kai ga tafiya ba. Haihuwa ta zo kafin lokacinta, a tsakiyar bazara, irin zafin da ko ƙadangare neman inuwa yake. Aka samu 'ya mace, 'yar mitsitsiya. Jini ya ƙi tsayawa, muka ɗauki uwar a bayan a-kori-kura zuwa asibiti cikin gari. Sun yi aikinsu, Allah ya saka musu. Suka tsayar da jinin, suka ƙara mata wani, suka ba da ƙwayoyi, suka ce a koma gida ta ci abinci mai kyau. Na aika ƙauye ta bakin direban motar kasuwa, amma motar sai ranar kasuwa take komawa.

To abincin ne ya ƙi zama. Kunun kanwa ya dawo. Tuwo ko kallonsa ba ta yi. Na sayo balangu, ƙamshinsa kawai ya tayar mata da zuciya. Ƙwayoyin asibitin ma in ta haɗiya a cikin da ba komai sai su fito. Nono kuwa bai zo ba. Shekarun nan ne da madarar gwangwani ta zama sai ka bi layi tun safe, ka kai gaba a ce ta ƙare. Gwaggo tana ɗiga wa jaririyar ruwan dabino da ɗan cokali. Da fari kukanta har zaure ake ji. Daga baya ya yi siriri, ya ƙara yin siriri, har kunnena ya daina kama shi. Sai in leƙa in ga ɗan baki yana buɗewa yana rufewa, ba sauti. Ni da nake karanta baki, na san abin da wannan yake cewa. Uwar tana kwance ta juya fuska bango. 'Yar fari ce, ba dama ta nuna damuwa a gaban mutane, amma hannunta yana kan tsumman yarinyar ba ya sauka.

Gwaggo ta kira ni tsakar gida.

"Kai, angon ƙarni, zo nan. Naman nan da kake kwasowa wa kake saya wa? Ni ba haƙora, ita ba ciki."

"To me zan yi, Gwaggo?"

"Ɓargo za ka nemo. Ƙashin cinyar sa wanda ba a fasa ba, da ƙafafu da kofatonsu. Ba ƙaurin biki nake so ba da za a raba wa maƙwabta. Wanda za ta sha nake so. Cikinta ba zai karɓi abin taunawa yanzu ba, sai abin kurɓa. Tashi mana, kana kallona kamar ni na haife ta."

Na zaga teburan mahautan Ja'en da Sharaɗa, ba komai sai tsoka da guntayen haƙarƙari. Suka ce ƙafa da ƙashin cinya tun a kwata, inda ake yanka, masu abinci suke kwashewa da sassafe, sai kana da mutum a can. Ina da mutum. Abokin layina ne, wani dogo daga wajen Maraɗi, sunansa ya ɓace, kowa Faransa yake ce masa. A zauren wani mahauci yake kwana kusa da kwata, kullum da keke yake zuwa aiki.

Na shiga kamfani don in roƙi heluma ya ƙara mini kwanakin hutu. Ya ba ni, amma ya ce kada in tsaya ina ɗauke wa mutane hankali a kan inji. Daga bakin ƙofa na ɗaga wa Faransa hannu, yana can tsakiyar layi yana ɗaurin zare. Na motsa leɓe yadda muka saba, a hankali: mai jego ba lafiya, gobe ka taho mini da ɓargo, mai yawa. Ya maimaita kalmar da bakinsa, na gyaɗa kai. Ya dafa ƙirji, wato an gama. Ina juyawa na ga ya ɗaga wa na kusa da shi hannu, magana ta fara bin layi. Na ɗauka addu'a yake nema mana.

Washegari da hantsi ina zaune a dakalin ƙofar gida, rana ta riga ta fara duka, sai ga kekuna sun shawo kwana. Faransa a gaba, 'yan layinmu a bayansa, kowa da ƙunshi ɗaure a kariya, gumi yana zuba. Suka jingine kekuna suka fara kwancewa suna jibgewa a kan dakali. Barguna. Sababbi fil a ledarsu, masu ratsin ja da baƙi.

Gwaggo ta fito tana dogara sanda.

"Lafiya? Kasuwa kuka buɗe mini a ƙofar gida?"

"Saƙon mai jego ne, Gwaggo," in ji Faransa, yana share gumi, baki har kunne. "Shi yac ce mai yawa. Waɗanda ba su taho ba ma sun aiko da nasu."

"Saƙon me?"

"Bargo mana."

Gwaggo ta dube ni. Ta dubi tulin. Ta ɗaga kai ta dubi rana.

"Ɓargo na ce, 'ya'yan nan. Ɓargo! Na cikin ƙashi! Wannan dafa mata zan yi ko soyawa?"

Faransa ya juyo wurina. "Wallahi bargo nig gani bakinka."

"Ɓargo na ce."

"Sake hwaɗi in gani."

Na sake faɗa, ya ƙura wa leɓena ido. Ya sa wani ya ce bargo, ya kalli nasa leɓen. Sannan ya cire hula ya zauna a kan dakali. Duk shekarun da muka yi muna taƙama da karatun baki, ba wanda ya taɓa lura cewa kalmomin nan biyu a leɓe abu ɗaya ne. Bambancin a maƙogwaro yake, inda ido ba ya kaiwa.

"Ni fa na so in ce a sake tambaya," in ji wani dattijo mutumin Kazaure. "Bargo da bazara?"

"Haba Malam, ji tsoron Allah," wani ya ce. "Kai ka ce mai jego ba ta son sanyi ko da a garin wuta ake. Kai ka fara ɗauko naka."

"To ƙarya na yi? Ba da tafasasshen ruwa suke wanka ba?"

"Ku dai ku ce an aiki ɗan Faransa. Hausarsu ko a ido ba ta fita daidai."

Aka yi dariya, har da ni. Gwaggo ce kaɗai ba ta yi ba. Ta karkata kai wajen cikin gida tana saurare. Mu duka ba mu ji komai ba, kunnuwanmu ba sa kama irin wannan. Ta ce, "Ku yi ta dariya. Yini guda ya tafi a banza, yarinyar nan kuwa ba ta da yinin bayarwa." Dariya ta tsaya.

Faransa ya mai da hularsa, ya ɗauki barguna biyu ya ɗaure a kariya, ya hau keke. Daga Ja'en zuwa kwata ba nan kusa ba ne, ga rana, ga lokacin kwasar ƙashi ya wuce. Sauran suka ce za su raba injinansa a tsakaninsu, heluma ba zai rasa komai ba. Daga baya na ji yadda aka yi. Maigidansa mahaucin ne ya bi masu abinci ɗaya bayan ɗaya, har ya samu wadda ba ta ɗora nata ba tukuna, ta karɓi bargunan ta ba da ƙashin. An ce da ta ji labarin sai da ta zauna a ƙasa don dariya. Bayan azahar ya dawo, riga kamar an tsoma a ruwa, buhu a bayan keke, ƙudaje suna rakiya.

Ranar na koyi abin, don Gwaggo ba ta iya tsugunno, ni ta sa. Na babbake ƙafafun a wuta, na kankare da wuƙa har fata ta yi fari, na buge kofato ya fita. Ƙashin cinyar ta sa na ɗora a kan kifaffen turmi na sare shi biyu da gatari, sara ɗaya, ba ragargazawa ba, don kada tsinin ƙashi ya shiga romo. Ɓargon yana ciki, fari da ɗan ja-ja, kamar daskararren man shanu. Aka wanke, aka zuba a babbar tukunyar ƙasa da take dafa wa leburori miya a da, aka cika da ruwan randa. Ta ce da ruwan sanyi ake farawa, su yi zafi tare. Da ya tafasa kumfa ta taso, toka-toka mai ƙarni, ta sa na yi ta kwashewa da ludayi ina zubarwa har ruwan ya washe. Sannan citta, kanumfari, masoro, kimba, tafarnuwa, albasa guda ba a yanka ba, daddawa kaɗan. Barkono ta hana, ta ce cikin ɗanye ne. Gishiri sai ƙarshe. Na zaro magi, ta ce in mai da abina aljihu.

Sai maganar wuta. Romon ƙashi ba ya son gaggawa, so yake wuta ta yi ƙasa ya yi ta motsi a hankali, yini guda ko fiye. Itacen gidan kuwa ruwan wankan jego ya cinye shi, kananzir babu a gari, abin da ya rage a murhu ba zai kai mu ko'ina ba. Na ce bari in fita neman itace. Gwaggo ta juya ta kalli tulin bargunan da aka shigo da su rumfa.

"A ƙauyenmu cikin ƙaiƙayi muke binne tukunya ta ƙarasa da kanta," ta ce. "Tunda wawayen nan sun kawo, ba za su zauna mini banza ba. Tura itacen duka, ta tafasa sosai."

Ta tafasa har murfi yana rawa. Muka sauke, ta toshe bakin murfin da tsumma, muka shimfiɗa bargo a ƙasa muka ɗora tukunya, muka naɗe ta da sauran ɗaya kan ɗaya, har ta zama kamar mutum ya tsuguna ya lulluɓa. Muka bar ta a tsakar gida cikin rana. In an jima sai a kwance, a mai da ita murhu da 'yan ƙirare ta sake tafasa, a sake naɗewa. Duk sanda aka buɗe tururi ne ke dukan fuska, ruwan yana ƙara kauri. Wata maƙwabciya ta shigo barka, ta ga tukunya cikin bargo da bazara, ta tambaya ko ita ma jegon take.

Da magariba Gwaggo ta ɗebi na sama, ta tsame man, ta kai wa maiɗakin rabin kofi. Ina tsaye a bakin ƙofa. Ta kurɓa kaɗan ta ture. Muka jira ya dawo. Bai dawo ba. Washegari da safe aka kwance tukunya, har lokacin ba ka iya riƙe ta da hannu. Fatar ƙafar ta narke ta bar ƙashi, ɓargon ya saki, in ka buga ƙashin a bakin kwano sai ya faɗo. Aka sake tafasawa, Gwaggo ta zuba mini a murfi ta ce in ɗanɗana.

"Haɗa leɓenka. To buɗe."

Sun manne, sai da na ja.

"Ya yi. Da bai kama ba da na ce ruwan zafi ka dafa."

Ranar ta sha kofi guda, ta haɗiyi ƙwayoyinta a kai, suka zauna. Da rana ta sha wani, an murje ɓargo a ciki. Da yamma ta ce a jiƙa mata ɗan tuwo a romon. Gwaggo ba ta fasa ɗora mata yarinyar a ƙirji ba ko da ba abin da ke fita, ta ce tsotson ne ke kiransa. Ni an kore ni waje, ba wurin namiji ba ne. Haka aka yi ta yi, a tafasa, a naɗe, a kwance. Faransa ya riƙa biyowa da sabon ƙashi kafin ya wuce aiki, in ya zo sai ya tsaya a ƙofa ya faɗi kalmar da ƙarfi yana nuna maƙogwaronsa, Gwaggo ta ce daga ciki ta ji, ya daina tayar mata da unguwa.

Ba wanda ya gaya mini ranar da nono ya zo. Uwar ba za ta faɗa ba, kunya. Gwaggo kuwa ba ta ga dalilin ba namiji labari ba. Ina zaune a dakali ne bayan la'asar ina gyaran sarƙar keke, sai na ji kuka. Daga ɗaki, ya ratso tsakar gida, ya ratso zaure, har inda nake. Kuka mai ƙarfi, na masifa, irin na wanda ya san akwai abinci an yi masa jinkiri. Har da kunnen hagu na ji shi, lokacin bai gama mutuwa ba. Na ci gaba da gyaran sarƙata. Gwaggo ta leƙo ta ce, "Ka ji ta ko? Muryar 'yan masaƙa ta ɗauko."

Da 'yan'uwan maiɗakin suka iso daga ƙauye, sun tarar tana zaune tana cin tuwo. Na wanke bargunan na mai da wa masu su. Ƙamshin citta da kimba ya ƙi fita, wasu har da tabon mai, haka aka kai wa tsofaffi da Sallah, kowa da bayanin da zai yi. Biyun da suka tafi kwata ba wanda ya taɓa tayar da maganarsu. Dattijon Kazaure ya ƙi karɓar nasa, ya ce shi ya fara ɗaukowa, a bar wa yarinya. A ɗakin inji kuwa daga ranar in za a ce ɓargo sai a ƙwanƙwasa ƙashin hannu, in bargo ne a kama kafaɗa kamar mai jin sanyi. Ba a cika buƙatar kalmar farkon ba, amma har sababbin zuwa ana koya musu, ba su san dalili ba.

Ni ban ce romo magani ba ne. Da ba a tsayar da jinin a asibiti ba, da ba mai shan sa. Abin da na sani shi ne cikin da ya ƙi komai yakan karɓe shi, in ya zauna kuma sai sauran abinci ya samu hanya, ƙarfi ya fara dawowa. Bayan haka na dafa shi ba adadi. Na dafa wa wanda ya tashi daga zazzaɓi, na dafa wa wanda inji ya karya wa hannu, na dafa wa Gwaggo kanta da ta kwanta ciwon ƙarshe. Na dafa wa maiɗakina a ciwon da ya ɗauke ta, shekaru da yawa bayan haka. Ya zauna a cikinta, bai hana komai ba. Dama ba a ce yana hana mutuwa ba. Yanzu ƙashin ma masu niƙa abincin kaji sun riga kowa, itace ya yi tsada, mutane ba su da yinin da za su ba tukunya. Ban ga laifinsu ba. Kamfani ya rufe, Faransa ya koma ƙasarsu, ban sake jin labarinsa ba.

Da na sauka daga mota ranar barkar ban shiga gida ba. Na wuce wurin wani mahauci da muke sallah tare, na ce ya ajiye mini ƙafa da ƙashin cinya gobe. Sai da na ga yana kallona na lura ashe ƙashin hannu nake ƙwanƙwasa masa. Tukunyar ƙasa aro na yi. Gwiwata yanzu irin ta Gwaggo ce, a zaune na yi babbaka da kankara. Bargon yana ƙasan akwati, jan ratsin ya koɗe, asu ya ci gefe ɗaya, shi kaɗai ba zai isa ba sai da na ƙara da tsofaffin buhuna. Ya yini ya kwana. Na ɗanɗana, leɓe ya kama. Na juye a tukunyar ƙarfe mai murfi da ƙashi ɗaya a ciki, na naɗe da bargon, na rungume a adaidaita-sahu har Zawaciki. Direban ya yi ta kallona ta madubi.

Mijin ya tarbe ni da ladabi, ya so ya karɓi kayan, na ce zan shigar da kaina. Na kwance tukunyar a falo, ƙanwarsa ta kawo kofi. Na ce kaɗan-kaɗan, in ya zauna ta sha maganinta a kai, in bai zauna ba ku mai da ita asibiti, kada ku jira. Ta fito tana dafa bango, ta zauna a ƙasa nesa da ni, ta gaishe ni kai a sunkuye. Ta kurɓa. Ta jira. Ta sake kurɓa, har ta ga ƙasan kofin. Idonta yana kan bargon. A kan gadon uwarta ta taso tana ganinsa, kuma na san an ba ta labarin. Can ta ɗago ta yi magana a hankali, yadda 'yar fari take yi wa uba magana. Fanka tana juyawa, janareta yana ƙara a waje, ban ji komai ba. Leɓen na kalla, ya yi maiƙo, yana mannewa. Baba, na gane wannan. Sai kalma ɗaya a bayanta, da alamar roƙo. Ko bargo ta ce, ko ɓargo.

Ban ce ta maimaita ba. Na tsamo ƙashin na buga a bakin kofinta, ɓargon ya faɗo. Na ninke bargon na ajiye a gefenta, na fita neman mota.